Bruce Campbell: Jarumin da Ya Koyi Fim Tun Daga Haɗa Jini

Duk wanda ya yi zamanin kaset ɗin bidiyo, ya kuma taɓa zama gaban fim ɗin ban tsoro na Amurka, da wuya bai ga fuskar nan ba ko da bai riƙe sunan mai ita ba: dogon saurayi mai baƙin gashi da doguwar haɓa, cikin shuɗiyar riga da ta jiƙe sharkaf da jini, yana kurma ihu shi kaɗai a wani gidan katako a tsakiyar daji. Sunansa Bruce Campbell, a fim kuwa an fi saninsa da Ash, jarumin finafinan Evil Dead. Shaidar da zan bayar a kansa ita ce, mutumin nan ba kyan fuska ba ne ya riƙe shi sama da shekara arba'in a sana'ar da ke tauna mutane ta tofar. Sanin aiki ne tun daga tushe. Ya nemo kuɗin fim, ya ɗauki kaya, ya haɗa jinin ƙarya, ya yi sauti, ya sha duka a gaban kyamara, sannan ya bi sinima-sinima yana tallar abin da aka yi.

An haife shi ranar 22 ga Yuni, 1958, a Royal Oak da ke jihar Michigan, kusa da birnin Detroit. Mahaifinsa ma'aikacin kamfanin talla ne da ke wasan kwaikwayo na sha'awa a dandalin unguwa, a nan yaron ya fara ganin abin. A makarantar sakandare ta Groves ya haɗu da Sam Raimi, suka riƙa ɗaukar gajerun finafinan barkwanci da ƙaramar kyamarar gida mai suna Super 8, suna kwaikwayon 'yan wasan nan uku na Amurka da ake kira Three Stooges, waɗanda wasansu duk mari ne da faɗuwa da buga kai da bango. A riƙe wannan, domin daga nan jikin Campbell ya koyi faɗuwa. Ya shiga jami'ar Western Michigan, bai daɗe ba ya bari, ya koma yaron aike a wani kamfanin da ke ɗaukar tallace-tallace a Detroit. Na ukunsu shi ne Rob Tapert, wanda Raimi ya sani a jami'ar jihar Michigan, shi ne mai kan lissafi a cikinsu.

Ba don son aljanu suka zaɓi fim ɗin ban tsoro ba. Lissafi suka yi. Fim ɗin barkwanci yana buƙatar sanannen jarumi kafin masu sinima su karɓa, na ban tsoro kuwa tsoron shi ne jarumin, ko ba a san kowa a ciki ba za a shiga. Suka riƙa zuwa sinimar fili inda ake kallo daga cikin mota, suna lura da inda 'yan kallo ke gajiya su fara danna ham. Darasin da suka ɗauka shi ne, da zarar abu ya fara, kada a bar ɗan kallo ya huta. Irin waɗannan finafinai ake kira finafinan B, sunan da ya samo asali daga shekarun 1930 lokacin da ake nuna fim biyu da tikiti ɗaya, babba da kuma mai araha da ke rufa masa baya.

A 1978 suka ɗauki gajeren fim na kusan minti 30 mai suna Within the Woods a gonar su Tapert da ke Marshall, a kan dala 1,600. Ba na sayarwa ba ne, samfur ne na nuna wa masu kuɗi. Suka kafa kamfanin Renaissance Pictures, lauya ya tsara musu takardun hannun jari, suka sa kwat suna bin likitocin haƙori da lauyoyi da 'yan kasuwa da dangi, suna haska samfurin a falo ko a bangon ofis. Da suka tara kusan dala 90,000, alhali ba ta kai abin da suke nema ba, sai suka ce a fara, sauran a nema a hanya. Sun so su ɗauki babban fim ɗin ma da Super 8 don araha, amma da aka gwada faɗaɗa hoton zuwa milimita 35 da sinima ke nunawa, sai ya fito da tsaki-tsaki, ba ya kalluwa. Dalili kuwa, ƙaramin faifai in aka buɗa shi ya cika babban allo, ƙwayoyin da ke jikinsa su ma girma suke yi. Don haka suka koma milimita 16, wanda ke jure faɗaɗawa.

A Nuwamban 1979, don ɗaukar babban fim ɗin da ya zama The Evil Dead, suka isa wani yasasshen gidan katako kusa da Morristown a jihar Tennessee, su kusan goma sha uku. Gidan ba famfo, shanu sun mayar da shi makwanci, sai da aka kwashe kashinsu daga daɓe. Ba shi da ɗakin ƙarƙashin ƙasa alhali labarin ya dogara da shi, sai suka yanka ƙofa a daɓen, suka haƙa rami daidai wanda mutum zai tsuguna ya leƙo. Cikin ɗakin kansa daga baya aka ɗauke shi a Michigan. Wato Ash yana taka matakala a Tennessee, ya sauka a wata jiha mai nisan ɗaruruwan kilomita, mai tace hoto ne ya ɗinke su. Sun gudu daga sanyin Michigan ne, sai suka faɗa cikin hunturu mai tsanani. Aikin da aka tsara na mako shida ya kai kusan goma sha biyu. Kuɗi suka ƙare, 'yan wasa da ma'aikata suka fara komawa gida domin wa'adinsu ya cika, har aka rage mutum biyar. A kwanakin ƙarshe kujerun gidan suka riƙa ƙonawa suna jin ɗumi.

Wannan watsewar ita ta yi Ash. A farkon fim ɗin The Evil Dead ba shi ne jarumi ba, saurayi ne mai sanyin jiki, abokinsa Scott ya fi shi zafi. Amma Campbell yana cikin masu fim ɗin, ba inda za shi. Shi kaɗai ne ɗan wasan da aka tabbata zai tsaya har ƙarshe, don haka shi ne wanda zai rayu. Sauran kuwa, in ana buƙatar hannunsu ko ƙafarsu ko bayansu, sai a sa wa wani rigarsu da gashin kanti da kwalliyar aljanu a ɗauka. Ƙanin darakta Sam Raimi, wato Ted Raimi, yana cikin waɗanda suka yi wannan. Mai lura zai ga aljanar da ke ramin nan tana sauya ƙira daga fitowa zuwa fitowa.

Jinin fim ɗin yana da awo, Campbell ya kuma rubuta shi a littafin tarihin rayuwarsa na 2001. Awo 6 na ruwan sukarin masara mai kauri, marar kala, na kamfanin Karo. Awo 3 na jar kalar abinci. Awo 1 na farar madarar kofi wadda ba ta nono ba. Sai ɗigo ɗaya na shuɗiyar kala. Awon nan kusan rabin lita ne. Kowane yana da aikinsa. Sukarin shi ke ba da kauri da tafiyar hawainiya a kan fata. Madarar ke hana haske ratsawa, domin jinin gaskiya ba garai-garai yake ba, in babu ita sai abin ya fito tamkar lemon kwalba a ƙarƙashin fitila. Shuɗin kuwa yana kashe hasken jan, ya mayar da shi ja mai duhu. Matsalar haɗin ita ce sukari: yana manne gashi, yana jawo ƙwari, kalar tana kama fata, in ya bushe kuma ya ƙame. Campbell ya taɓa shanya rigarsa kusa da wuta bayan ta sha wannan haɗin, ta ƙame kamar ƙanzo, da ya zo sawa ta karye. Kullum da asuba haka yake komawa masauki a bayan motar a-kori-kura, domin ba ya zaunuwa a kujera.

Fararen idanun aljanun gilashi ne mai kauri da ke rufe ƙwayar ido gaba ɗaya. Ba a wuce minti 15 da shi, domin ido yana shan iska ne ta samansa, gilashin kuma ya toshe. Wanda ya sa shi ba ya gani ko kaɗan. Ka auna wannan: 'yar wasa makauniya, da wuƙa a hannu, tana kawo sara, Campbell ne a gabanta, dole shi ya kauce a daidai lokaci domin ita ba ta san inda yake ba. A wurin da ba ruwan famfo, tsabtar hannun da zai taɓa ido ma aiki ne.

Kyamarar da ke gudu cikin daji tamkar iska, wadda ita ce idon mugun abin da ba a taɓa nunawa ba, katako ne kawai. A lokacin akwai na'urar Steadicam mai hana girgiza, amma hayarta ta fi ƙarfinsu. Sai suka ɗaure kyamara a tsakiyar dogon katako, mutum biyu suka kama bakinsa biyu suna gudu. Tsawon katakon yana shanye girgizar taku, domin in gefe ɗaya ya yi sama ɗayan ya yi ƙasa, tsakiya ba ta cika motsi ba. Aka haɗa da gilashin kyamara mai faɗin gani, wanda ke ɓoye rawa, aka kuma rage yawan hotunan da ake ɗauka a daƙiƙa ƙasa da 24, ta yadda in aka haska a gudun da aka saba komai zai ƙara sauri. Inda ake son kyamara ta zame a hankali ba su da dogo, sai su shimfiɗa katako, su naɗe shi da salatif, su shafe da Vaseline, su tura kyamarar a kai. Fitowar da Ash ya taɓa madubi hannunsa ya nutse, ruwa ne a kwance, kyamara da ɗan wasan aka karkatar. Duk waɗannan Campbell yana cikin masu aikin in ba a gaban kyamara yake ba, har da lokacin da ya gurɗe a ƙafa yana ɗingishi.

Da aka gama ɗauka ba a gama wahala ba. Sai da aka jinginar da filin dangin Campbell a arewacin Michigan aka ci bashin ƙarasa aiki da faɗaɗa faifan. Jimillar kuɗin ta kai wajen dala 350,000 zuwa 375,000. Edna Paul ta tace hoton a birnin New York, mataimakinta Joel Coen, wanda daga baya ya zama babban darakta. Tacewar farko minti 117 ce, aka rage zuwa 85. Sautin da aka ɗauka a daji mafi yawansa bai yi amfani ba, sai aka sake shi a ɗakin sauti. Ƙarar sara da yagar nama, matattun kaji aka riƙa soka wa wuƙa a gaban makirufo, Campbell kuma ya shafe sa'o'i yana ihu. A nan ya koyi cewa rabin tsoro ta kunne yake shiga.

An fara nuna fim ɗin a sinimar Redford a Detroit ranar 15 ga Oktoba, 1981, da sunan Book of the Dead. Wani tsohon dillalin finafinai, Irvin Shapiro, shi ya ce a sauya sunan, domin matasa in sun ji littafi za su zaci karatu ne. Shi ya kai shi kasuwar finafinai ta Cannes a Faransa a 1982, inda marubuci Stephen King ya gani ya yaba a rubuce, yabon ya buɗe ƙofa, kamfanin New Line ya sake shi a Amurka a 1983. A Ingila kuwa a kaset ya ci kasuwa fiye da kowane fim a shekarar, sannan ya shiga jerin kasa-kasan da hukuma ta riƙa kamawa tana kai masu su kotu. A nan ya kamata in faɗi gaskiya ga mai karatu: fim ɗin ba na yara ba ne, akwai kuma fitowa ɗaya ta cin zarafin mace a cikin daji wadda ba ta da wani amfani ga labarin, Raimi da kansa ya ce ya yi nadamar ta. Yabon da nake wa aikin bai haɗa da ita ba.

Wasan Campbell a wannan fim na farko ɗanye ne, ba na ɓoye wannan. Muryarsa tana rawa inda bai kamata ba, askinsa yana sauyawa saboda an ɗauki fim ɗin a tsawon lokaci. Amma minti ashirin na ƙarshe, da ya rage shi kaɗai da agogon bango da ƙofofi masu bugawa, za ka ga mutumin da ya gano cewa fuskarsa da jikinsa sun isa su riƙe allo ba tare da magana ba.

Fim ɗinsu na biyu, Crimewave na 1985, shi ya koya musu abin da kuɗin wani ke yi. Raimi ya tsara Campbell ne jarumi, kamfanin Embassy ya ƙi, aka ba Reed Birney, shi aka bar masa ƙaramin rol. Kamfanin ya karɓe tacewa da kiɗa, fim ɗin ya faɗi warwas. Haka aka sake yi a Darkman na 1990: kamfanin Universal ya fi son Liam Neeson, Campbell sai a daƙiƙun ƙarshe aka ga fuskarsa. Sau biyu ke nan abokinsa na yarinta yana kujerar darakta amma bai iya ba shi rol ɗin ba.

Faɗuwar Crimewave ta mayar da su gidan katako. Furodusa Dino De Laurentiis ya zuba kusan dala miliyan 3.5, bayan Stephen King ya sa baki, aka ɗauki Evil Dead II a 1986 a Wadesboro, jihar North Carolina. Wannan karon cikin gidan gina shi aka yi a zauren wasanni na wata makaranta, hawa biyu, ɗakin ƙasa a ƙasa da gaske. Sanyi ya koma zafi: bazara ce, ga fitilu, zauren a rufe. Ted Raimi yana cikin rigar roba ta aljana Henrietta tun daga kai har ƙafa, gumi na taruwa a ciki, akwai inda ake ganin yana zubowa ta kunnen rigar. Sun yi dabarar sauya kalar jini zuwa kore da baƙi don hukumar tantance finafinai ta sassauta, dabarar ba ta ci ba, aka sake shi a 1987 ba tare da tambarin hukumar ba, ta hannun wani ƙaramin kamfani da aka ƙirƙira don haka.

A nan ne nake cewa duk mai son ya san ko Campbell ɗan wasa ne ya je ya kalli faɗan Ash da hannunsa a kicin. Hannun dama aljani ya shige shi. Babu kwamfuta, babu igiya, babu wani a madadinsa. Abin da yake yi shi ne raba jikinsa gida biyu: yatsu suna tafiya da nasu nufi, suna jan jiki a daɓe zuwa ga wuƙa, fuska kuma tana a sume ko tana mamakin abin da ke faruwa. Hannun yana ɗaukar faranti yana fasa masa a ka ɗaya bayan ɗaya, farantan da aka yi su don su fashe da sauƙi. Sannan hannun ya cafko gashin ƙeyarsa ya wuntsila shi gaba, ya faɗi da baya a ƙasa. Sirrin wannan shi ne tsari: dole hannun ya riga jiki motsawa da ɗan kaɗan, idanu kuma su makara, sai ɗan kallo ya yarda hannun ne ya ja. In suka tafi tare, sai a ga mutum ne kawai yake tsalle. Ƙafafu ke yin ainihin aikin tashi, amma bai kamata a ga sun shirya ba. Wannan wuntsilawa tun suna sakandare yake yin ta. Ba na jin akwai jarumin ban tsoro na zamaninsa da zai iya wannan fitowar, domin tana buƙatar mutum ya ba da tsoro da dariya a daƙiƙa ɗaya, kuma kada ɗayan ya kashe ɗayan. Daga nan ya datse hannun, ya ɗaura zarto mai inji a dungulmin, ya rage tsawon bakin bindigarsa, siffar da aka san shi da ita ta kammala.

Fim ɗin ya fita, bai mayar da shi attajiri ba. Ya koma Los Angeles, aurensa na fari ya mutu, har aikin gadin dare ya yi a wata masana'anta. Ya riƙa karɓar abin da ya samu: ɗan sanda a Maniac Cop na 1988 da na biyunsa a 1990, ɗan sama jannati a Moontrap, da wasu da ko masoyansa ba sa cika komawa kansu. A wurin ɗaukar Mindwarp ya haɗu da mai tsara sutura Ida Gearon, suka yi aure a 1991.

Army of Darkness, fim na uku na Ash, shi ne mafi girma, kusan dala miliyan 11, an ɗauke shi a 1991 a bakin hamadar California, inda aka gina ganuwa. Ash ya faɗa shekara ta 1300. Campbell ya fito a mutum biyu, nagari da mugu, ya hau doki, ya yi faɗan takobi. Mafi wahala shi ne faɗa da ƙwarangwal. An riga an ɗauki 'yan tsanar ƙasusuwan hoto-hoto, sai a haska su a wani allo a bayansa ta tsarin da ake kira Introvision, shi kuma ya kai sara inda babu kowa. Dole ya haddace motsin da lamba, ana ƙirga masa, in ya makara da rabin daƙiƙa takobinsa ya wuce ta iska, a sake daga farko. Wata rana sulke ya yanke shi a fuska, aka kai shi wurin likita da kwalliyar raunuka a fuskar, sai da ya nuna wa likitan wanne ne na gaskiya. Bayan an gama, rigima ta ɓarke tsakanin De Laurentiis da Universal a kan haƙƙin wani labari dabam, fim ɗin ya zauna a ajiye. Universal ta ƙi ƙarshen da Raimi ya yi, inda Ash ya zarce da barci ya farka bayan duniya ta rushe, aka sake ɗaukar wani a kantin da yake aiki, aka rage fim ɗin zuwa minti 81. Ya fito a Fabrairun 1993, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu a sinima ba, sai a kaset ya yi ta samun masoya.

Campbell ya buɗe lissafin abin da ya samu a wannan fim, abin da jarumai ba su cika yi ba. Dala 500,000 a takarda. Wakilai da manaja suka ɗauki kashi 25 cikin 100, saura 375,000. Haraji ya ci rabi, saura 187,500. Rabon sakin aure ya ci rabin wannan, saura 93,750, a aikin da ya cinye shekara biyu. Wannan lissafin ya fi dogon bayani nuna dalilin da ya sa ɗan wasa irinsa ba ya iya zama yana jiran rol mai daraja.

Talabijin ce ta riƙe shi. The Adventures of Brisco County, Jr. a tashar Fox ya yi kashi 27 tsakanin 1993 da 1994 aka tsayar. Ya tafi New Zealand ya fito a Autolycus, sarkin ɓarayi, a shirye-shiryen Hercules da Xena da Tapert ke shiryawa, ya kuma ba da umarni a wasu kashin. Daga 2007 zuwa 2013 ya yi Sam Axe a Burn Notice, kashi 111, wanda miliyoyin da ba su taɓa jin sunan Ash ba suka san shi da shi. A finafinan Spider-Man uku na Raimi, 2002 da 2004 da 2007, kowanne yana da 'yar fitowa ta mintuna kaɗan.

Amma in aka ce in nuna wasansa mafi kyau, Bubba Ho-Tep na 2002 zan nuna, na darakta Don Coscarelli. Labarin a baki ba ya kama hankali: mawaƙi Elvis Presley bai mutu a 1977 ba, ya tsufa a gidan kula da tsofaffi a gabashin Texas, abokinsa wani dattijo baƙar fata ne da ya yarda shi ne shugaba Kennedy, su biyu za su tunkari wata gawar Masar ta dā da ke zuƙe rayukan tsofaffin gidan. Campbell yana da shekara 43 ya fito a tsoho mai ciwon ƙugu, yana tafiya da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu. Mutumin da aka sani da wuntsilawa ya yi kusan rabin fim a kwance a gado. Ka kalli yadda yake tashi: sai ya tara numfashi, ya sauko da ƙafa ɗaya, ya jira, sannan ɗayar. Bai yi wa tsohon ba'a ba ko sau ɗaya. Ya ɗauki nadamarsa a kan 'yarsa da matarsa da gaske, Ossie Davis, wanda ya fito a dattijon abokinsa, shi ma ya riƙe nasa rol ɗin da mutunci, shi ya sa fim mai irin wannan labari yake sa mutum tunanin iyayen da aka ajiye aka manta. Kuɗinsa bai wuce kusan dala miliyan ɗaya ba, babu babban kamfanin da ya karɓa, sai suka buga kwafi 32 kacal suna zagayawa da su gari-gari, Campbell yana zuwa da kansa yana amsa tambayoyi yana sa hannu a littafinsa. Hanyar da suka bi da samfurinsu a 1978 ce, sai dai yanzu masu kallo ke jiransa a layi.

Ya gwada kujerar darakta a fim. Man with the Screaming Brain na 2005 an rubuta shi ne don wata unguwa a Los Angeles, kuɗi suka kai shi Bulgeriya, dole ya sake rubuta labarin ya dace da birnin Sofiya. Fim ɗin yana da rauni, ɗinkin yana nunawa. My Name Is Bruce na 2007 kuwa a filinsa na jihar Oregon ya gina garin da aka ɗauke shi, don ya tsira daga kuɗin hayar lokeshin.

Ya koma rigar Ash yana da shekara 57, a fim mai dogon zango Ash vs Evil Dead da tashar Starz ta fara nunawa ranar 31 ga Oktoba, 2015, an ɗauke shi a Auckland. Bai ɓoye shekarunsa ba, ya bar Ash ya tsufa, da ɗamarar matse ciki da haƙoran roba da hannun katako. Zango uku, kashi 30, aka tsayar a 2018, ya kuma sanar cewa ya ajiye zarton, domin jiki ba ya warkewa da sauri kamar dā. Muryar Ash kawai ya ci gaba da bayarwa, kamar a wasan kwamfuta na 2022. Shi da Raimi da Tapert har yanzu su ke riƙe da labarin da suka fara, su suka tsaya wa darakta Fede Álvarez a sabon Evil Dead na 2013 da Lee Cronin a Evil Dead Rise na 2023, wanda ya tara sama da dala miliyan 140. A wannan na ƙarshen ba a ga fuskarsa ba. Muryarsa tana cikin tsohon faifan garmaho da yaran suka kunna, kuma ƙarar da ake ji lokacin da aljanar ta gatsa idon wani mutum a baranda, Campbell ne a ɗakin sauti yana cin tuffa a gaban makirufo.